Yadda Ake Barin Aikin Ofis a Kafa Sana'ar Burodi da Kek a Gida

Mai albashi ya saba da abu guda, wata ya ƙare kuɗi su shigo, ko ma'aikata ta yi ciniki ko ba ta yi ba. Ranar da ya ajiye aiki ya koma gashi a gida, oben ɗinsa ne zai riƙa biyansa, shi kuwa oben yana da iyakar abin da zai iya fitarwa a yini. Iya gashi ba kasafai yake kayar da masu wannan sauyi ba, domin yawancinsu da daɗin hannunsu suka shigo. Abin da ke kayar da su shi ne barin aiki kafin su san nawa kowane burodi ke bar musu, da guda nawa za su iya gasawa kuma su sayar. Saboda haka a tsarin nan takardar ajiye aiki tana can kusa da ƙarshe, kada a saki reshe a kama ganye.

Fara kana bakin aikinka

Ka zaɓi kaya biyu, in sun yi yawa uku, ka tsaya a kansu. Mai jerin kaya goma sha biyar yakan tara kayan haɗi iri-iri da ke lalacewa a ajiye, kuma ba ya ƙwarewa a ko ɗaya. Ya fi kyau kayan su zama masu cin abu ɗaya: kek, ƙananan kek na kofi da biskit duk fulawa ne da bota da sukari da ƙwai, ragowar wannan ya shiga wancan. Ka riƙa gashi ranakun da babu ofis, kana sayarwa da kuɗi tun daga ranar farko. Yabon wanda aka ba kyauta ba ya shiga lissafi. Ka buɗe littafi ka rubuta kowane gashi: kwanan wata, awon kayan da ka sa, zafin oben, mintunan da ya yi, yadda ya fito, da wanda ya saya. Wata uku zuwa shida na irin wannan rubutu su ne za su gaya maka ko akwai sana'a a nan.

Kafin ka karɓi odar farko ka karanta takardar ɗaukarka aiki. Wasu ma'aikatu sun hana sana'ar gefe sai da izini a rubuce, aikin gwamnati kuma a ƙasashe da dama yana da nasa ƙa'idojin kan haka. Kada ka amsa wayar masu oda a lokacin ofis, kada ka buga tallarka da na'urar ofis. Kana so ka fita da mutunci, ba a kore ka ba.

Kayan aiki: abin da za a fara saya

Sikeli na lantarki mai auna giram ɗaya-ɗaya shi ne farko, kafin komai. Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120, yana iya zama 150, ya danganta da yadda aka ɗiba aka danna. A kwaɓin kofi takwas bambancin ya kusa kofi biyu, shi ya sa kek ɗin jiya ya yi laushi na yau ya bushe alhali "ba a canja komai ba". Don yis da gishiri da bekin foda, ƙaramin sikeli mai auna giram 0.1 yana da amfani sosai.

Na biyu ma'aunin zafi da ake ajiyewa cikin oben. Lambar da ke jikin maɓalli ba abin dogaro ba ce, oben na gida yakan kauce da digiri 10 zuwa 20, wani ma fiye. Ka kunna a kan 180, ka jira minti 20, ka duba ma'auni, ka rubuta bambancin ka manna a bango. Sannan ka jera yankakken burodi a faɗin raga ka gasa na 'yan mintuna. Inda ya fara yin ja, nan ne wurin da ya fi zafi, can za ka riƙa juya gwangwani. Idan oben ɗin mai fanka ne, ka rage digiri 20 daga abin da aka rubuta wa oben marar fanka. Na uku ma'aunin zafi mai tsinke da ake soka wa abinci. Duk awon zafin da ke cikin rubutun nan na Salshiyas ne.

Bayan waɗannan sai gwangwanayen gashi masu girma ɗaya, ragar shan iska, da robobi masu murfi. Injin kwaɓi na gida mai kwanon lita 4 zuwa 5 yana yi wa kek, amma kwaɓin burodin da ya haura kilo ɗaya na fulawa yana wahalar da shi, in aka matsa masa kullum sai ya ƙone. Kada ka ci bashin babban inji ko oben na masana'anta a wannan mataki. Oben na lantarki yana jan kilowat 2 zuwa 3, saboda haka ka sa mai gyaran wuta ya ja masa layinsa, kada a jona shi a ƙaramar wayar ƙari. Mai gas kuma yana bukatar taga a buɗe, domin wutar da ba ta ci daidai ba tana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Burodi: awo, da inda yake ɓaci

Masu gashi suna rubuta awonsu ne a kan nauyin fulawa. Fulawa ita ce 100, kowane abu kuma kaso ne nata. Ga awon farin burodi mai laushi a kan kilo ɗaya: fulawar burodi giram 1000, ruwa 600, sukari 80, bota 60, madarar gari 30, gishiri 18, yis na gari mai saurin tashi 10. Jimla giram 1798, wato curi uku na kimanin giram 600. Amfanin rubuta shi haka, idan odar gobe ta bukaci kilo 7 na fulawa, ninka kowane abu sau 7 kawai za ka yi. Idan yis ɗin irin wanda ake jiƙawa ne ka sa giram 12 ko 13, ɗanyen yis kuma giram 30. Burodi yana rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa a wuta, curin 600 zai fito wajen 510 zuwa 540. Nauyin bayan gashi ake rubutawa a jikin leda, ba na ɗanye ba.

Ka haɗa busassun kayan, ka zuba ruwa, ka murza har kwaɓin ya haɗe, sannan ka sa bota. Idan aka sa maiƙo tun farko yana lulluɓe fulawa ya hana ta yin danƙo da wuri. Murza da hannu takan ci minti 12 zuwa 15, a inji 8 zuwa 10. Ka tsinki kaɗan ka ja shi a hankali, in ya yi siriri har haske na ratsawa bai yage ba, ya murzu.

A nan ne sabon mai sana'a ya fi shan wahala, wato zafin kwaɓi. Ana so kwaɓi ya fito daga murza a kan digiri 24 zuwa 27. Da ruwa ake daidaita shi. Ka ninka zafin da kake so sau uku, ka cire zafin fulawa, da zafin ɗaki, da zafin da murza ke ƙarawa. Misali kana son 26, sau uku 78. Fulawa tana 30, ɗaki 32, inji na ƙara kimanin 10: 78 a cire 72 saura 6, ruwan ƙanƙara ke nan. Lokacin sanyi, fulawa 18, ɗaki 18, murzar hannu 3, ruwan zai zama 39, mai ɗumi. Abin da injinka ke ƙarawa kai za ka gano shi da gwaji biyu ko uku. Yis yana mutuwa a wajen digiri 55 zuwa 60, don haka ruwan da ke ƙona yatsa ba ya shiga kwaɓi.

Tashi na farko awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a rufe, har ya ninka. Ka yanka a sikeli, ka dunƙule, ka bar shi ya huta minti 15, ka naɗe ka sa a gwangwani. Tashi na biyu kada ka bi agogo, ka bi kwaɓin. Ka latsa da yatsa: in ramin ya cike nan take, da saura; in ya dawo a hankali ya bar ɗan alama, ya yi; in bai dawo ba sam, ya wuce. A gasa a 190 na minti 30 zuwa 35, har cikinsa ya kai digiri 90 zuwa 94.

Burodin da ya tashi da kyau ya zube a wuta, yana warin tsami, ya wuce lokacin tashi ko kwaɓin ya yi zafi. Wanda ya fashe ta gefe kuma cikinsa ya cushe, bai gama tashi ba aka sa shi. Wanda ya yi nauyi bai kumbura ba, ko yis ya mutu, ko fulawar ba ta da ƙarfi, ko ba a murza sosai ba. Fulawar burodi tana da furotin kashi 11 zuwa 13, ta kek 7 zuwa 9, kuma ba sa maye gurbin juna. Idan gefensa ya lotsa bayan an sauke, bai gasu ba ko an bar shi ya yi gumi a cikin gwangwani, a fitar da shi kan raga nan da nan. Idan bai yi ja ba ga shi lami, a duba ko an manta gishiri ko sukari, abin da ke faruwa ga mai aiki da asuba yana gyangyaɗi. Maganinsa a auna komai tun da dare, a jera a kwanuka.

Kada a sa burodi a leda sai cikinsa ya sauko wajen digiri 35, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ke nan. Mai gaggawa yakan ɗaure shi da ɗumi, tururi ya zama ruwa a jikin leda, kwana biyu funfuna ta fito. Akwai kuma wata matsala ta lokacin zafi: tsakiyar burodi ta yi yauƙi, tana jan zare idan aka gutsura, tana warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Ƙwayar cuta ce, Bacillus subtilis, wadda irinta ke jure wutar oben. Wannan burodi zubarwa ake yi, a wanke duk kayan aiki da ruwan zafi da ruwan khal (binega), a riƙa sa khal mililita 5 zuwa 10 a kowane kilon fulawa. Kuma kada ka ajiye gasasshen burodi a firij, can ya fi saurin tsufa da ƙandarewa. Ko dai a ɗaki na kwana biyu zuwa uku, ko a firiza a kan digiri 18 ƙasa da sifiri.

Kek

Awon da ya fi sauƙin riƙewa shi ne na daidai wa daida: bota giram 250, sukari 250, ƙwai 250 (manya biyar ba tare da ɓawo ba), fulawa 250, bekin foda giram 9 ko 10, gishiri 2, madara mililita 50. Wannan zai cika gwangwani biyu masu faɗin santimita 20, a gasa a 175 na minti 25 zuwa 30. Bota ta kasance mai laushi amma ba narkakkiya ba, wajen digiri 18 zuwa 20. A buga ta da sukari minti 4 zuwa 5 har ta yi fari ta yi sauƙi, domin iskar da ke shiga a wannan bugu ita ce ke ɗaga kek. A sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kuma ba daga firij kai tsaye ba, ƙwai mai sanyi yana sa haɗin ya tsinke. Da an zuba fulawa a rage hannu, a juya kawai har ta ɓace. Yawan juyawa bayan fulawa shi ke kawo kek mai tauri da ramuka dogaye a ciki.

Kek ɗin da tsakiyarsa ta faɗa: an buɗe oben da wuri, ko bekin foda ya yi yawa, ko bai gasu ba. Kada a buɗe ƙofa sai an ci kashi biyu cikin uku na lokacin. Wanda ya yi tozo ya tsage, wuta ta yi yawa, gefe ya ƙame tsakiya na kan tashi. Wanda ƙasansa ya yi danƙo, haɗin ya tsinke ko bota ta narke. Bekin foda yana mutuwa in ya sha iska, a gwada rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba a zubar.

Wani kuskure da ke cin riba a ɓoye shi ne canjin girman gwangwani. Daga santimita 20 zuwa 25 a ido ƙari ne kaɗan, amma faɗin ciki ya tashi daga murabba'in santimita 314 zuwa 491, wato ninki 1.56. Kayan haɗi sun ƙaru da fiye da rabi, farashi ma haka ya kamata ya ƙaru.

Lissafin da zai yanke hukunci

Ka ɗauki kowane kaya ka fitar da kuɗinsa guda ɗaya. Kuɗin buhu a raba da nauyinsa ya ba ka kuɗin giram, a ninka da giram ɗin da ka sa. Ka haɗa har da abubuwan da ake raina wa: man shafa gwangwani, takardar gashi, leda, kwali, faifan da ake ɗora kek, takardar suna. Wuta kuma, kilowat na oben sau awannin da ya yi a kunne sau kuɗin yunit, har da mintunan ɗumama shi. Mai gas ya auna tukunya kafin gashi da bayansa. Sai ladan aikinka: ka sa wa awarka kuɗi, aƙalla abin da za ka biya wani ya yi maka aikin, ka lissafa da lokacin cefane, wanke-wanke, amsa saƙonni da kai kaya. Wanda bai sa ladansa a farashi ba, ranar da ya ɗauki ɗan aiki zai tarar babu abin biyansa. A ƙa'idar da masu sana'ar abinci suka saba bi, kayan haɗi kada su wuce kashi 25 zuwa 35 na farashin sayarwa.

Bari mu yi misali da lambobi kawai, kowa ya sa kuɗin ƙasarsa. A ce burodi ɗaya ana sayar da shi 100. Kayan haɗi 35, leda da takarda 5, wuta 10, jimla 50, saura 50. A ce bukatun gidanka da kuɗaɗen sana'a da ba sa canjawa, irin su lasisi, waya, gyaran kaya, sun kama 30,000 a wata. Raba 30,000 da 50, burodi 600 ke nan a wata. A kwanakin aiki 24, guda 25 kullum, kuma dole a sayar da su duka. Yanzu koma wa oben. Yana ɗaukar gwangwani huɗu, kowane zubi minti 35 da minti 10 na sauke kaya da dawowar zafi. A awa 6 zubi takwas, burodi 32. Ka cire kashi 5 zuwa 10 na wanda zai ƙone ko ya yi kwantai, za ka ga tsakaninka da iyakar oben ɗin bai fi burodi huɗu ko biyar ba. 'Yan kwanaki na rashin lafiya ko ɗaukewar wuta sun isa su jefa watan cikin giɓi.

Yi wa kek irin wannan lissafi. A ce farashinsa 1,000, kuɗin da ya ci 400, saura 600. Zubi ɗaya na oben da ke ba ka 200 a burodi zai ba ka 600 a kek, kuma kek 50 a wata sun biya bukata. Sai dai kowanne yana cin awa biyu zuwa uku na aikin hannu wajen ado, odarsa kuma ba ta zuwa kullum. Don haka kowane kaya ka tambaye shi abu biyu, nawa yake bari a awar oben, nawa yake bari a awar hannunka. A ganinmu mai oben ɗaya a gida ba zai iya gasar arha da manyan gidajen burodi ba, suna sayen fulawa da mota suna gasa dubbai. Abin da zai iya shi ne kayan oda, da wanda sabo da inganci ke sa a biya shi da daraja.

A kula da bambancin ƙari da riba. Abin da ya ci 80 aka ɗora masa kashi 25 ya zama 100, amma ribar kashi 20 ce ta farashin. Ka yi wa aboki ragin kashi 20, ka sayar ke nan a kan uwar kuɗi. Ka buɗe wa sana'ar asusun banki nata, ka yanka wa kanka albashi a wata, ko kek ɗin da aka ci a gida a rubuta shi. Duk lokacin da farashin fulawa, bota ko ƙwai ya motsa, a sake lissafin a ranar.

Doka da tsabta

Dokar sayar da abincin da aka yi a gida ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha, saboda haka ka je wurin hukumar da ke kula da abinci a inda kake ka tambaya tun kafin ka kashe kuɗi. A Birtaniya, misali, dole a yi rajista da ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin a fara sayarwa. A Amurka kowace jiha da dokarta, yawancinsu sun yarda ne da kayan da ba sa bukatar firij, kuma suna sharɗanta a rubuta cewa a kicin na gida aka yi. Tambayoyin da za ka yi a ko'ina kusan ɗaya ne: rajistar suna, duba kicin, takardar horon tsabta, abin da za a rubuta a jikin kaya, da haraji. Mai zaman haya ya nemi yardar mai gida.

Batun alaji, wato jikin mutum ya ƙi wani abinci, ba abin wasa ba ne, yana iya kashe mutum. Tarayyar Turai ta lissafa abubuwa 14 da dole a bayyana, Amurka 9, bayan ta ƙara riɗi a 2023. Alkama, ƙwai da madara suna cikin kusan duk abin da za ka gasa, ga gyaɗa, waken soya da 'ya'yan itace masu ɓawo mai ƙarfi irin su kashu. Ka rubuta su a jikin kaya. Idan kana amfani da gyaɗa a kicin ɗinka, kada ka yi wa kowa alkawarin cewa kayanka ba su taɓa ta ba.

Firij ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa. Duk abin da ke da kirim na madara, kastad ko cuku kada ya wuce awa biyu a waje, ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Ɗanyen kwaɓi ba a ɗanɗana shi, ɗanyar fulawa ma tana iya ɗauke da cuta ba ƙwai kaɗai ba. Buhun fulawa a ɗora shi kan katako nesa da ƙasa da bango, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Lokacin gashin sayarwa babu girkin gida, babu dabba, babu yara a kicin. Ka lura da lafiyarka ma: ƙurar fulawa tana jawo asma ga masu gashi, a zuba ta a hankali, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Ƙuna kuma a tara ta a ruwan famfo mai sanyi minti 20, ba a shafa mata bota ko man goge baki.

Yaushe za a miƙa takarda

Sharuɗɗa huɗu. Littafinka ya nuna wata uku a jere sana'ar na kawo aƙalla rabin abin da kake bukata, kuma rashin lokaci ne ke hana ta wuce haka, har kana mayar da oda. Yawancin masu saye suna dawowa, kuma ba 'yan'uwa ba ne ko abokan ofis. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin abokin ofis yana saye ne don kana kawo masa har teburinsa, da ka bar wurin rabin cinikin zai tsaya a can. Na uku, kana da ajiyar da za ta riƙe gida wata shida, daban da jarin sana'a. Na huɗu, ka ɗauki hutun shekara ka yi mako biyu kana gashi cikakken lokaci, ka ga ko bayanka da ƙafafunka da mutanen gidanka za su jure tashin ƙarfe huɗu na asuba da tsayuwar awa takwas.

Idan sun cika, ka zauna da ofishin kula da ma'aikata ka san matsayin fansho da giratuti, kuɗin hutun da ba ka ci ba, da ranar da inshorar lafiya za ta yanke. Bashin da ake cirewa daga albashi ka biya shi ko ka san sabon sharaɗinsa, wasu bankuna kan nemi ragowar gaba ɗaya idan albashi ya tsaya. Ka tambaya ko akwai hutu ba albashi ko aikin rabin lokaci, in akwai ya fi yankewa kai tsaye. Ka ba da notis yadda yarjejeniya ta ce, ka miƙa aiki a tsare. In da hali ka daidaita fitarka da 'yan makonni kafin lokacin bukukuwan da oda ke yawa, ba bayan sun wuce ba.

Watannin farko

Kowace oda a rubuce: girma, ɗanɗano, launi, rubutun da za a yi a kai harafi da harafi, rana, sa'a, wanda zai ɗauka. Ka tura wa mai odar ya amsa da "haka ne". Ka karɓi kafin alƙalami rabin kuɗi, sauran kafin kaya su bar gida, ka faɗi tun farko ranar da in aka fasa bayanta ba a mayar da kuɗi. Kuɗin kai kaya daban ne. Kek a mota a shimfiɗe yake tafiya a ƙasa kan abin da ba ya zamewa, bayan ya yi sanyi a firij, ba a kan cinya ko kujera ba. Hoto kuwa a ɗauka kusa da taga da rana, na kayanka na gaskiya.

Ka ware ranakun gashi, ranar cefane, da rana ɗaya da oben ba ya kunnuwa. Kwaɓin burodi yana iya kwana a firij awa 8 zuwa 16 idan aka rage yis kaɗan, abin da ke sauƙaƙa aikin asuba ya kuma ƙara masa ɗanɗano. Kek marar ado, in an naɗe shi da kyau, yana zama a firiza wata biyu.

Duk ƙarshen wata ka fitar da lambobi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, da awannin da ka yi. Idan oda ta cika maka mako uku a jere har kana mayarwa, ka fara ƙara farashi da kashi 10 ka ga yadda za ta kaya kafin ka yi tunanin oben na biyu. Idan kuma ajiyar wata shidan ta sauko rabi sana'ar ba ta kai kashi biyu cikin uku na bukata ba, ka cire kayan da ya fi ƙarancin riba a awa, ka nemi aikin rabin lokaci tun da sauran kuɗi a asusu.